Ragunan Kawu Mantau

Na ji abin da kuka ce ɗazu a bakin garke, kuna zaton kunnena ya mutu. Wai kiwon rago ba sana'a ba ce, dusa ce da harawa da ruwa, kowa ya iya. To, ku matso inuwa. Wanda ya sayi rago ya ɗaure a turke ya cika masa ciki har Sallah, ya yi ƙoƙari, ban raina shi ba. Amma ragon da ya saya ɗin, wani ne ya zauna tun kafin a haifi uwarsa ya yi tunanin yadda zai fito. Wannan ita ce sana'ar da na yi: fitar da iri. Sanin wane rago za a sakar wa wace tunkiya, sannan sanin abin da aka samu ko ya yi ko bai yi ba.

A hannun Kawu Mantau na koya, ƙanen mahaifiyata. Na zo wurinsa nan Matameye gemuna ya fara tsirowa, bayan rasuwar mahaifina. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, garin nan kuwa bai wuce 'yan unguwanni da kasuwa ba, kowace magana sai an kai ta Kance wurin sarki. Kawu gajere ne, ba shi da yawan magana, kuma ban taɓa ganin ya daki dabba ba. Idan tunkiya ta ƙi shiga inda yake so, tsayawa yake ya duba abin da ta gani wanda shi bai gani ba.

Aikin farko da na riƙe a kaina ba ma a gidanmu aka yi shi ba. Wani maƙwabcinmu, Tanko, yana da 'yar tunkiya ƙarama irin tamu ta gida, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Fulani suka sauka bayan gari da udarsu, waɗannan masu dogayen kunnuwa, gaba baƙi baya fari. Tanko ya ga girmansu, ransa ya biya, ya kai tunkiyarsa aka haɗa ta da babban ragonsu. Da haihuwa ta zo, ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa. Da hantsi aka zo aka kira Kawu. Ya sa na riƙe mata kai a cinyata, ya wanke hannu, ya shafa man shanu har gwiwar hannu, ya shiga lallaɓawa. Yana yi yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri. Ya daɗe kafin ya juyo da ƙafafun ɗan ya zaro shi. Ɗan bai zo da rai ba, amma uwa ta tashi. Tanko yana ta ba da haƙuri kamar ya yi wa Kawu laifi. Kawu bai yi masa faɗa ba. A hanyar komawa gida ne ya ce da ni, kafin ka dubi rago, fara duban ƙugun tunkiya, don ita za ta ɗauki kayan. Budurwar tunkiya rago daidai ita ake ba ta. Sai ta haihu, jikinta ya buɗe, sannan a yi mata maganar babba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamin ba su ruwa na itacen kirya, guga, turaku, wuƙar gyaran kofato, ƙwaryar jiƙa kanwa, da doguwar ƙugiya ta kaɗo 'ya'yan gawo. Amma abin da Kawu ya fi ji da shi igiya ce. Duk ɗan da aka haifa a garkenmu, ranar da ya faɗo ake tufka masa 'yar siririyar igiyar rama tasa ta kansa. Duk sabon wata, da safe kafin a ba su ruwa, sai mu zagaya ƙirjinsa da ita, nan bayan ƙafafun gaba, a yi ƙulli inda ta haɗu. Wata mai zuwa a sake. Tazarar da ke tsakanin ƙulli da ƙulli ita ce girman da ya yi. Kafin a sha ruwa ake yi, don cikin da ya ƙoshi maƙaryaci ne. Igiyar kuma ba a barin ta ta jiƙe, don rama idan ta sha ruwa ta bushe sai ta tsuke, ta ƙara wa ɗa girman da bai yi ba. A rufin zaure muke rataye su, 'ya'yan kowane rago damensu daban.

Ni da farko na ɗauka wanda igiyarsa ta fi tsawo shi ne gwani, shi ke nan. Na taɓa ɗauko wata na kai wa Kawu ina murna, na ce ga ɗan da ya fi duka, lallai ubansa ne ragon da za mu riƙe. Ya karɓa ya juya ta, ya tambaye ni ɗan nan tilo ne ko tagwaye. Na ce tilo. Ya ce yaushe aka haife shi. Na ce da kaka. Ya ce haihuwar uwarsa ta nawa. Na ce ta sha haihuwa. Sai ya miƙo mini igiyar ya ce, ɗan da ya sha nono shi kaɗai, ya buɗe ido ya tarar da harawa ko'ina, uwarsa kuma gogaggiya, ko ubansa ɓera ne zai yi girma. Ba a gwada tilo da ɗan tagwaye. Ba a gwada ɗan kaka da ɗan bazara. Kowa da sa'ansa ake jera shi.

Jerawar ma da yadda ake yin ta. Idan shekara ta zagayo, mukan share tsakar zaure, mu sauko da damen rago guda, mu shimfiɗa igiyoyin a ƙasa daga gajera zuwa doguwa. Kawu sai ya sa ƙafa ya ture mafi tsawo gefe guda, ya ture mafi gajarta, ya tsuguna a kan na tsakiya. Ya ce doguwar sa'a ce, gajerar ƙaddara ce, na tsakiya su ne gaskiyar uban. Haka za a yi wa damen ɗaya ragon, a ajiye kusa da juna. Sau da yawa ragon da ya fi kyau a ido, mai ƙaho murɗaɗɗe da geza har gwiwa, shi ne 'ya'yansa ke zuwa a baya. Irin wannan sai mu yi masa kiwo mai kyau mu sayar, a yanka shi da mutuncinsa, amma ba ya sake kusantar tumaki.

Wata shekara fatake suka biyo daga gabas, cikinsu da wani tsoho yana jaye da rago balami fari sol, dogo, mai hanci a lanƙwashe. Ba mu taɓa ganin rago mai tsayinsa ba. Kawu ya yi wuni yana zagaya shi. Ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato ɗaya-ɗaya, ya sa aka tafi da shi aka dawo don ya ga takunsa. Daga ƙarshe ya ba da raguna nasa masu kyau aka yi musaya. Muka sa masa suna Babarbare, saboda ƙasar da ya fito. Ba mu sake shi cikin garke duka ba. Kawu ya ware manyan tumaki masu faɗin ƙugu ya ba shi, sauran ya bar su da ragonmu na gida. Mutane suka yi ta cewa wannan wauta ce, ka samu irin wannan rago ka tsaya kana tattalin ƙananan tumaki kamar awaki. Ya ce shi dai bai ga bazarar Babarbare ba tukuna.

'Ya'yan farko, ruwa biyun nan, abin kallo ne. Sun ɗauko tsayin uba, sun ɗauko ƙwarin uwa, ƙullin igiyarsu yana tsalle wata bayan wata. Amma da muka haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, sai abin ya watse. Wani ya fito dogo ba nama, wani gajere mai babban kai, wani kamar kakansa na gabas, wani kamar ba a taɓa kawo balami gidan ba. Igiyoyinsu idan ka shimfiɗa, ba ka samun tsakiyar da za ka tsuguna a kai. A nan na gane haɗin farko kyauta ce, na biyu kuwa aiki ne. Wanda bai sani ba sai ya sayi ruwa biyu mai kyau ya yi iri da shi, ya yi ta mamakin abin da ke fitowa.

Masu saye iri-iri ne. Akwai alhazan Damagaram, waɗanda ke aiko yaransu tun Sallah da saura, su zaɓa a ɗaura wa rago alama a wuya. Su girma suke so da farin gashi, abin da za a ja a bi ta ƙofar gida a gani. Akwai mai neman ragon suna, wanda haihuwa ta zo masa ba shiri. Wannan Kawu ba ya tsananta masa. Sai matan gari da na ƙauye, masu neman 'yar tunkiyar da za su fara da ita. Su ne suka fi kowa wuyar sha'ani, kuma su Kawu ya fi so. Mace za ta aiko a tambayi uwar tunkiyar, da kakarta, da ko tana yin tagwaye, da ko tana ƙin ɗanta. Ya ce waɗannan su ne masu tambayar da ta dace.

Ranar wata kasuwa wani Nasara ya sauka garin nan, likitan dawakin soja, yana neman raguna na abincin bariki. Aka nuno masa gidanmu. Ya zo da tafinta da wani ma'auni mai ƙugiya da ake ratayewa a reshe, a sa dabba cikin buhu a ɗaga. Yana shiga zaure ya ɗaga kai ya ga igiyoyi, ya tambaya. Da aka yi masa bayani sai ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, ya ce a shimfiɗa masa dame ɗaya. Ya ga Kawu ya ture doguwa da gajera, sai ya yi dariya ya yi wata doguwar magana. Tafinta ya sunkuyar da kai, ya ƙi fassarawa. Kawu ya ce ya faɗa mana, ai ba shi ya yi maganar ba. Tafinta ya nemi gafara, ya ce wai a ƙasarsu mahaifin Nasaran aladu yake kiwo, kuma haka yake yi, yana haɗa na wannan gari da na wancan, yana auna 'ya'yan, ba ya yarda da guda ɗaya sai ya ga na tsakiya.

Na zaci ran Kawu zai ɓaci. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ka ce masa dabbar tasu ba tamu ba ce, amma mahaifinsa ya san aiki. Yana raye?"

Aka ce yana raye, ya tsufa, kuma ɗan ya daɗe bai gan shi ba. Kawu ya ce Allah ya sada su.

Kafin Nasaran ya tafi ya rataya raguna biyu waɗanda ƙirjinsu ɗaya a igiyarmu, ma'auninsa ya nuna ɗaya ya fi ɗaya nauyi sosai. Kawu ya duba ya duba, ya ga mai nauyin ya fi tsawon gadon baya. Daga ranar muka ƙara igiya ta biyu, daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya. Bai ji kunyar ɗaukar abin da ya gani ba.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Ba kara, ba harawa. Dusar da muke ba raguna ta zama abincin mutane, kuma ba a samun ta. Gawo ya taimaka da farko, amma gari duka a kansa yake, har ganyen aka sassabe. Lanho kuwa, harajin Nasara, bai san an yi fari ba. Gardi, dogaran Nasara, suka zo suka kora manyan ragunan da suka rage da ɗan nama. Ruwa biyun nan da ake sha'awa su suka fara kwanciya. Babban jiki babban ciki ne. Da safe za ka tarar da ɗaya ya kasa tashi, ka ɗaga shi ya tsaya yana rawa, gobe ko ɗagawar ba ta yi.

Kawu bai jira su mutu a banza ba. Ya sauko da igiyoyin tumakin duka, ba don ya ga wadda ta fi girma ba, sai don ya ga wadda ƙirjinta ba ya komawa baya da bazara. Waɗannan ya ware, yawancinsu ƙananan nan na gida da aka yi masa dariya a kansu. Sauran muka riƙa yankawa ɗaya bayan ɗaya, ana rabawa unguwa, gidan da ke da mai jego ko tsoho a fara da shi. Babarbare shi ne na ƙarshe. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma idan ya ji takun Kawu sai ya yunƙura. Kawu ya ba shi ruwa da hannunsa, ya shafa masa wuya, ya ce in riƙe. Shi ya yanka da kansa, ya ce ba zai bar wa wani ba. Naman bai kai na ɗan akuya ba. Kawu bai ci ba.

Tumakin da aka ware ni na kora su kudu, wajen ƙasar Daura, inda aka ce an ɗan samu ruwa. Na bi da su fadamu da gindin itatuwa har damina ta sake faɗuwa. Na dawo da abin da bai cika yatsun hannu biyu ba, kuma ba rago ko ɗaya, don ragonmu na gida ya faɗi a hanya. Na tarar da rabin unguwa ba kowa. Kawu yana nan, ya zama kamar kara. Ya fito ya bi tumakin ɗaya-ɗaya yana kiran sunan uwar kowace.

Tumaki ba rago, garke ya tsaya ke nan. Ragunan da ake kawowa kasuwa a lokacin ba wanda ya san asalinsu, Kawu kuma ya ce gara ya jira da ya zuba abin da bai sani ba cikin abin da ya sani. Muna cikin haka wata safiya sai ga wata tsohuwa daga Tsauni, Iya Kande, ta yi sallama tana jaye da ɗan rago. Ashe shekarun baya ta sayi 'yar tunkiya ruwa biyu a wurinmu, ta haɗa ta da ragon ƙauyensu. Uwar ta mutu a yunwar, ɗan ya rayu, don a ɗakinta ta ajiye shi, abin da ta samu na ganye su raba. Ta ce ta ji labarin garken Mantau ya mutu, ita kuwa a gidan nan ta samu abin da ta aurar da 'ya'yanta da shi, don haka ga jikan Babarbare.

Kawu ya tsuguna ya duba shi tun daga haƙori har kofato. Ba shi da girman kakansa, amma ƙirjinsa a buɗe yake, kuma ya ga bazarar da ta fi kowace bazara ya fita. Ya ce ba zai karɓa kyauta ba, aro ne. Ta ce ita ba ta zo ciniki ba. Suka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan zai yi mana shekara, a mayar mata da shi tare da 'yar tunkiya ta farko da ya haifa. Ni na kai mata su Tsauni da kaina. Ta rungume ragon tana yi masa faɗa wai ya manta da ita.

Daga wannan ragon garkenmu ya sake tashi. Jinin gabas kaɗan, jinin gida da yawa. Ba su kai ruwa biyun farko cika ido ba, amma igiyoyinsu idan ka shimfiɗa kusan kansu ɗaya, kuma bazara ba ta kayar da su. Shekaru muka yi muna tacewa, muna fitar da wanda ya kauce, muna aron rago daga nesa idan jini ya yi kusa da yawa. Waɗanda kuke gani a garken nan zuriyarsu ce.

A cikin shekarun nan ne idon Kawu ya tafi. Farar yana ta rufe masa idanu a hankali har ya zama sai dai ya ji rana a fuskarsa. Aiki ya dawo hannuna. Shi kuma kullum da safe a kai shi bakin garke ya zauna a kan turmi, tumaki suna zuwa suna shinshinar rigarsa.

Akwai abin da na lura da shi tun zuwana gidan. Duk Sallah, ragunanmu masu kyau gidajen mutane suke tafiya. Kawu kuwa sai ya yi layya da wanda ya rage, lafiyayye dai ba aibi, amma ba wanda za a waiwaya a kalla. To, a shekarar da jikinsa ya yi rauni sosai, muna da wani rago da ban taɓa fitar da kamarsa ba. Fari, dogon baya, ƙirji kamar ƙofa. Wani Alhaji daga Damagaram ya aiko har sau biyu, na ce ba na sayarwa ba ne. Ranar jajibiri na wanke shi, na jawo shi har gaban Kawu, na ɗora hannunsa a kan wuyan ragon.

Na ce, "Kawu, ga ragon layyarka. Bana kai za ka yanka na gaba."

Ya bi wuyan da hannu, ya sauka kafaɗa, ya bi gadon baya a hankali har gindin wutsiya. Ya zagaya ƙirjin da hannu biyu, hannayen ba su haɗu ba. Ya tambayi uwarsa, na faɗa. Ya tambayi yadda ya yi da bazara, na ce bai koma baya ba ko kaɗan. Ya daɗe hannunsa na kan ragon. Na ga bakinsa yana motsi, na ɗauka addu'a yake.

Sannan ya ce, "Ilu, Allah ya yi maka albarka. Na karɓa. Nawa ne ko?"

Na ce nasa ne.

"To, tunda nawa ne, kwance shi ka kai shi wurin tumaki. Irin wannan ba a yanka shi. Ka kawo mini wancan mai tari da safe in ji ko ya warke, in ya warke shi ya ishe ni."

Na kwance igiyar. Ya ce in bar ƙofar garken a buɗe, yana so ya ji shigarsa.

Kawu bai ga wata Sallar ba. 'Ya'yan ragon kuwa sun fara faɗowa da kaka, kuma na farkon tagwaye ne.